Tafin Hannun Nestan

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Nestan a unguwarmu, a tsohon garin Napoli, ya ji tabon da ya ratsa tafin hannuwanta biyu, mai kauri kamar ɗinkin buhu. Ba ta ɓoye shi. Ni kuwa har gobe in na gani sai raina ya ɓaci.

Daga ƙasar Jojiya ta zo jinyar wata tsohuwa, ba ta da takardar zama. Da tsohuwar ta rasu, ɗanta Carmine ya auri Nestan. A titi mutum ne mai fara'a, a gida kuwa bel ɗinsa ne ke magana. Da murfin tukunya ya zubar mata da haƙora biyu, wai miyar tumatir ta yi tsami. Ya taɓa danna kanta cikin bahon wanki har ƙafafunta suka daina shure-shure. In ya gama sai ya kunna taba.

"Je ki kai ƙara mana. Uban wa ya san ki a ƙasar nan? A jefa ki jirgi, Lali kuma tawa ce."

Lali jaririyarsu ce, saboda ita Nestan take haɗiye komai. In zai fita sai ya kulle su a hawa na uku. Cefane ma ta baranda take yi kamar kowa a layin: ta zuro kwando da igiya, Donna Nunzia mai kayan miya ta cika mata, ta ja.

Wata safiya Donna Nunzia ta ɗaga kai ta ga idon Nestan a kumbure.

"'Yata, yau ma ƙofar kabad ce? Wannan kabad naku ɗan dambe ne?"

Washegari Nestan ta tsinci waya cikin kwandon, a ƙarƙashin kabeji. Da ta yi ƙara ta ɗauka, sai ta ji muryar mace, wai Lauya Serafina ce, daga ƙungiyar da ke tsaya wa baƙin mata irinta.

"Ba ni da ko sisi, Lauya."

"Wa ya tambaye ki? Ƙarya mijinki yake miki. Matar da ake duka tana iya samun takardar zama da sunanta, ba da nasa ba. Amma sai kin fito, ke da yarinyar."

Ranar Lahadi da rana tsaka Carmine ya ga wayar cikin buhun gari. Ya rotsa ta a bango, ya sa wa Nestan gwiwa a ciki, ya rantse yau zai kai Lali inda ba za ta ƙara ganinta ba. Yana juyawa neman makulli, ta suri yarinyar ta faɗa baranda, ta cusa ta cikin kwando, ta fara zura shi ƙasa.

"Donna Nunzia! Tare ta!"

Kwandon bai kai rabi ba ya cim mata. Ya naɗe gashinta a hannu ya buga goshinta da ƙarfen baranda. Igiyar leda ta zille, ta yi ta gudu cikin tafinta tana cin nama, sai Nestan ta damƙe ta. Ya karya kujera a bayanta. Ya taka mata ƙafa har ƙashi ya yi ƙara. Jini na bin igiya, ita kuwa sassautawa take kaɗan-kaɗan, har ta ji nauyin ya bar hannunta. Daga ƙasa Donna Nunzia ta ƙwala ihu.

"Na karɓe ta! Ku fasa ƙofar, matsorata, kallo kuka zo?"

Sai a lokacin mazan layinmu suka motsa. Mun daɗe muna jin ihun nan ta bango muna ƙara sautin talabijin, ranar kuwa abin ya fito baranda, ba mai cewa bai gani ba. Lauya Serafina ta bi mu gida-gida, ba ta bar kowa ya zame ba, sai da muka je kotu muka faɗa da bakinmu. Aka ɗaure Carmine. Nestan ta samu takardar zamanta, aka bar mata 'yarta.

Yanzu ita ke yi wa lauyar tafinta in matan ƙasarsu sun zo. Wadda ta ce ba za ta iya fita daga gidan miji ba, Nestan ba ta yi mata wa'azi, hannuwanta kawai take buɗewa a kan tebur.

A ɗakin ƙasa take zaune, ba ruwanta da kwando. Kullum da safe takan raka Lali makaranta. Tun ranar nan yatsunta ba sa rufuwa, don haka in za su tsallaka titi, Lali ce take riƙe ta.