Rasuwar Mai Zanen da Nake Shafe wa Bango

Na Allah muke, kuma wurinsa makoma take. Da hantsin Talata, tara ga watan Mayu, aka kira ni a waya cewa ka cika a asibiti, bayan ciwon ƙirjin da ka daɗe kana ɓoyewa. Ban yi kuka ba a lokacin. Zama na yi a kan bokitin fenti.

Wanda bai san mu ba zai ɗauka maƙiya ne mu. Kai mai zane a bangon titi, ni ma'aikacin tsabtace gari da ake tura wa shafewa. Shekara goma sha ɗaya kana yi ina binnewa da farin fenti.

Ranar da muka fara haɗuwa kana kan tsani a bayan tashar mota. Ka raba bangon gida huɗu, kowane gida da mutane masu manyan kawuna, maganarsu a cikin da'ira a samansu. Ka dubi burushina ka ce, “Kawu, ba ni minti goma, ban gama hannun matar nan ba.” Na jira. Da ka gama, kai ka riƙe mini tsani na shafe.

Da shanyewar jiki ta kwantar da matata, ka zo dubiya da gwangwanayen fenti a jaka. Bangon da gadonta ke kallo ka zana wa taga, a cikinta wani direba mai tumbi yana faɗa da tayarsa. Duk Asabar kana zuwa ka ƙara gida ɗaya, kana tari kana cewa ƙura ce. A nan ta yi dariyarta ta farko cikin wata bakwai, da rabin baki. Ko ruwa sai na matsa maka kake sha.

Makon jiya, bayan rasuwarka, takarda ta zo daga ofis: a shafe bangon gefen asibitin yara, aikinka na ƙarshe. Gida uku ka gama, na huɗu layin alli ne kawai. Na roƙi shugabana, ya ce umarni ne daga sama. Saura mini shekara biyu in yi ritaya, kuma ƙarfin musu ya ƙare mini. Na shafe. Masu sayar da kaya a bakin hanya, da muka saba gaisawa, ba wanda ya amsa sallamata. Ban ga laifinsu ba. Ka yafe mini, ɗana.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Mahaifiyarka da mai ɗakinka da 'ya'yanka mata biyu, Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu. Mu da muka rage muna jan ƙafa, Allah ya sa mu cika da imani.