Zumreta Mai Ɗinkin Kundi da Jaridar da ke Cikin Gam

Farfesa Bojanek ɓarawo ne. Ya ɗauke binciken ɗalibarsa, ya buga shi littafi da sunansa, sannan ya ce ita ce ta kwafe shi. Da ba don Zumreta Kajan ba, da ƙaryar ta zauna.

Shekara talatin da huɗu Zumreta tana buɗe shagonta a bayan jami'armu tun ƙarfe bakwai. Takan ɗora kofi, ta dama gam, ta sayi jaridar ranar. Ba karantawa take ba. Duk kundin ɗalibin da ta ɗinka, takan yanki saman jaridar, inda kwanan wata yake, ta manna a gadon bayansa kafin ta rufe da bango. Haka maigidanta a sana'ar ya koya mata.

Ɗalibar, Dunja Lasić, daga tsallaken kogin da ya ratsa garinmu take. Shekara biyu ta yi tana shiga gidajen gaɓa biyu, tana rubuta yadda rigimar manyan ƙasashe ta raba garin nan har wajen sayen burodi da zuwa jana'iza. Da littafin farfesa ya fito, sai takardar da ke nuna ranar da ta miƙa kundinta ta ɓace a ofis. Aka sa ranar ƙwace mata digiri.

Ta zo shagon Zumreta idonta a kumbure.

"Gwaggo, sun ce bayan littafinsa na rubuta nawa."

"Share majinar, 'yar nan, kada ki ɓata min takarda. Ni na ɗinka?"

"Ke ce."

"To, sha kofi."

Farfesa ɗan gaɓar su Zumreta ne, kuma garin ya rabu nan take, ba wanda ya karanta ko shafi ɗaya. Ƙanenta ya same ta tana wasa wuƙa.

"Yaya, namu za ki kayar saboda 'yar can?"

"Naka dai. Ni ban haifi ɓarawo ba."

Zumreta ta je gaban kwamitin binciken jami'a da rigar aikinta. Farfesa ya yi dariya ya ce, "Yanzu har mai gam ce za ta yi mana alƙalanci?" Ba ta ko kalle shi ba. Ta karɓi kundin Dunja da aka ɗauko daga ɗakin karatu, ta tsaga bayansa da wuƙa. Ga guntun jarida a manne, gam ya bushe a kansa, kwanan watan ya riga littafin da wata goma sha huɗu. Aka tsaga wasu kundaye goma na wasu shekaru, kowanne da jaridarsa.

Zumreta, ke ce kika yi abin da masu digiri suka ji tsoro. Kin kuma sha wuya a kansa. Maƙwabta sun daina gaishe ki, ƙanenki bai sake taka gidanki ba. Dunja ta karɓi digirinta ta bar ƙasar, don babu ofishin da zai ɗauke ta a gaɓa ko ɗaya. A ƙarshen watan nan za ki rufe shago, yatsunki sun gaji, kuma ba wanda ya shirya miki walima. Mun gode miki, mai hannun gaskiya.

Ku kuma da ke tambayar ɗan wace gaɓa ne kafin ku tambayi me ya aikata, ku je ku dubi wuƙar nan.

An janye littafin. An kori Bojanek daga aiki, an cire sunansa daga ƙofa.