Malam Attahir da taswirar laka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu 2024, Allah Ya karɓi ran Malam Attahir Dado, malamin labarin ƙasa a kwalejin garinmu da ke bakin kwarin Tarka, makonni kaɗan kafin ɗalibansa su zauna birbe, jarrabawar kammala kwaleji.

Malam, ni ce Raishatu, 'yar makiyayan Tenhya da ka ajiye a gidanka shekarar da iyayena suka yi arewa da dabbobi. Ka ce ba za a cire ni daga aji saboda ciyawa ba, matarka Inna Salamatu kuma ta riƙe ni kamar ita ta haife ni.

Ba mu da taswirar bango, sai ka kwaɓa laka ka gina mana Nijar a tsakar makaranta, da duwatsun Abzin da kogin Isa da tafkin Cadi. Mukan tuɓe takalma mu hau. Wata rana ka ce in tafi Bilma in ɗebo gishiri, na miƙe na yi kudu. Ka ce, "Sannu da zuwa Maraɗi, Raishatu. Nawa tiyar gyaɗa?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa ban sake ɓata ba. Ranar jarrabawa ƙafafuna ne suka tuna mini abin da zan zana. Kowace shekara kafin ruwan farko kakan yi wa taswirar yaɓe kamar rumbu, don ka san damina ɗaya ta isa ta narkar da ita.

Darakta da 'yan amshin shatansa suna kiranka mai wasan ƙasa. Cewa suke makin darasinka bai da nauyi, lissafi shi ne karatu. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa miƙo maka bokitin ruwa. Yanzu da ka rufe ido, su ne a sahun gaba da rawuna da jajayen idanu.

Ranar uku suka shirya taron addu'a a makaranta. Da yake taswirarka ce wurin da ya fi tudu, a kanta suka kafa rumfa. Ƙafar kujerar wani ta huda tafkin Cadi. Motar darakta ta taka Abzin ta mayar da shi gari. Daga nan ya tashi, muryarsa na rawa, ya ce, "Aikin marigayi ba zai taɓa gushewa ba." Yana faɗa yana tsaye a kan yankin Damargu na taswirarka! Na kalli takalminsa na ji kunya ta kama ni, tunda shi ba ta kama shi ba. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Salamatu, Ahmad, Zuhaira da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma akwai yaran da ba su taka Nijar ba tukuna. Asabar da hantsi za mu yi yaɓe. Jawabi ya ishe mu. Duk wanda kukansa na gaskiya ne, ya zo da ƙasa da ruwa, ya bar motarsa a waje.