Danna, Ki Yi Magana, Ki Saki

A wurin aiki Kashe-Kunna suke ce masa, domin duk wanda ya kira shi ya ce kwamfutarsa ta tsaya, tambayar farko ita ce, "Ka kashe ka kunna?" Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗan ɗakin ƙarshen baranda, mai sanyin na'ura da kwalin tsofaffin cajoji, yana kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya. Karatunsa ba mai tsawo ba ne, difloma ce ta shekara biyu, sai darussan da ya riƙa bi ta intanet. Amma hannunsa na da kyau. Takardar da sakatariya ta goge bisa kuskure, hotunan da manaja ya rantse sun ɓace, duk shi ke tono su. A bayan gida yana kiwon tattabaru, ranar Asabar kuma yana koya wa tsofaffi amfani da waya kyauta a ɗakin karatu na unguwa.

Yana da wata ɗabi'a da yake kira shara. Ƙarshen kowane mako sai ya bi kwamfutoci ya goge duk abin da ke cin wuri ba amfani, ya ƙare da tasa wayar.

Mahaifiyarsa, Inna, mai kiransa Babana, ita ce ɗalibarsa ta farko. Ya koya mata aika saƙon murya da mataki uku: danna, yi magana, saki. Biyun farko ta iya, sakin ne ya gagare ta. Sai ta faɗi abin da za ta faɗa, ta ci gaba da zirga-zirga da yatsa a kan wayar, saƙo ya zo minti bakwai, rabinsa ƙarar famfo da kwanuka. Shi kuwa yakan ji farkon kawai ya kira ta, ranar shara ya goge.

Da ta rasu, wata huɗu ke nan, ya wanke wayarta tas ya ba ƙanwarsa, kamar yadda yake yi wa kwamfutar ma'aikacin da ya bar aiki. Bai yi tunanin komai ba. Hannunsa ne ya san hanya.

Sai ga ƙanwar ta kira.

"Yaya, turo min muryar Inna, ko guda ɗaya. Na fara manta yadda take kiran sunana."

"Zan duba," ya ce.

Mako uku yana dubawa. Ya karɓo wayar, ya jona ta da duk wata na'urar da yake tono wa mutane kayansu da ita. Babu komai. Sharar ta yi kyau, shi ya yi ta. Yana zuwa aiki, yana ce wa mutane su kashe su kunna, yana zuba wa tattabaru hatsi. Yana jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. In ƙanwar ta tambaya sai ya ce yana kan dubawa.

Wata Asabar, Gwaggo, aminiyar Inna tun ƙuruciya, ta dawo aji. Ta zauna kusa da taga ta miƙo masa wayarta a cikin leda.

"Ɗan nan, abar nan wai ta ƙoshi. Ni kuwa ban ba ta komai ba."

"Cika ta yi, Gwaggo."

"To rage mata ciki. Jikokina sai turo hotuna suke ba sa shiga."

Ya buɗe, ya jera kayan ciki daga mafi nauyi, ya zaɓe su gaba ɗaya yadda ya saba. Yatsansa na kan wurin gogewa ya ga ɗan hoton da ke gefen wasu saƙonnin murya. Hoton Inna ne, shi ya ɗauka, a bakin ƙofar kicin. Saƙo ashirin da uku, mafi gajarta minti huɗu.

Ya janye yatsan a hankali, ya kunna ɗaya.

"Ke, kin karɓo min ɗinkin nan kuwa?" Sai ƙarar famfo. Sai tari. Can daga nesa muryar ta sake tasowa, tana magana ita kaɗai. "Babana ya ce in saki. In saki me? Ni me na riƙe?"

Gwaggo ta yi dariya har gilashinta ya zame.

"Ba ta taɓa iyawa ba, baiwar Allah. Ni in ta turo, ajiyewa nake a gefe ina aikina tana nata, kamar muna ɗaki ɗaya. Amma kwashe su, kai ai kana da ɗaruruwa."

"Ba ni da ko ɗaya."

Ta dube shi ta saman gilashi. Wani dattijo a baya yana ta kira, "Malam, tawa ta yi baƙi." Ya ce masa ya kashe ya kunna.

Ya kwafe saƙonnin wuri biyu, ya tura wa ƙanwarsa, ya bar wa Gwaggo nata. Bidiyoyin da maƙwabta ke turo mata ya goge har wuri ya samu.

Da yamma ƙanwar ta kira sau biyu, bai ɗauka ba tukuna. Ya fita bayan gida, ya jingina wayarsa a kan katanga, ya kunna mafi tsawo, minti tara da 'yan kai. Tattabaru suka sauko. Famfo ya zuba, kwano ya faɗi, Inna ta yi tsaki ta ɗauka. Ya tsaya da hatsi a hannu ya saurara har ƙarshe, sannan ya kunna na gaba.