Furar Gwaggo da ruwan basan

Muna idar da sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da wani abokina mai moto, wato babur, wanda ba ya yarda akwai rami a hanya sai ya faɗa cikinsa. Gwaggona ce, ƙanwar babana, ta aiko daga ƙauyensu na gefen Madarunfa cewa in zo. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Mun bi hanyar Ɗan Issa muna kauce wa manyan motocin da ke zuwa iyaka, kafin mu karya kwana. A bakin hanya muka zuba esansin kwalba, wato fetur. Mai sayarwar ya rantse jiya-jiyan nan kuɗin ya hau, kuma haka ya ce mini bara. Amalanken jakuna na ta wucewa da kara, jakunan ba su san da odar moto ba. Muka karya kumallo da ƙosan dala ashirin, wanda mai ya fi wake yawa.

Da hantsi muka isa. Gwaggo mai fura ce, tun ina yaro da ita aka san ta a kasuwa. Na tarar rabin furar jiya ta dawo gida. Ta dama mana sabuwa. Gero ya daku, nono mai kyau, yaji daidai, amma can bayan maƙogwaro akwai ƙarni, kamar an wanke tarwaɗa a ƙwaryar. Nan take abokina ya tuna wai cikinsa ba ya son nono.

"Masu saye sun fara cewa na tsufa, ban iya wanke ƙwarya," in ji Gwaggo. Na ga maganar ta fi rashin cinikin yi mata ciwo.

Ta ɗauki tulu muka bi ta zuwa gulbi. Rani ne, gulbin ya ƙafe, sai yashi. Mata kan tona rami a yashin, ruwa ya tsattsafo garau, kuma da shi masu fura ke aiki, don sun ce na famfon garin yana da kanwa. Na leƙa ramin Gwaggo, ruwan ya ɗan yi kore. Da na ɗaga kai sai ga wani baƙin tiyo ya sauko daga gaɓa, can sama da ramukan kaɗan.

Tiyon daga basan yake, wato kwamin siminti da ake kiwon kifi a ciki. Mai shi kuwa ɗan Gwaggo ne, taubashina. Tarwaɗa ce fal, ana ba ta abincin buhu da kayan cikin kaji. In ruwan ya yi kauri da kashin kifi da ragowar abinci, sai ya buɗe tiyo ya sake shi gulbi. Yashi ya shanye, shi a ganinsa an gama. Bai taɓa bin sawun ruwan ya ga inda yake ɓullowa ba.

Nan na gane dalilin kiran. Taubashin nawa shi ne ɗan farin Gwaggo. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, "mai kifin" take ce masa. Sauran matan sun yi shiru don kunyarta. Ni kuwa taubashi ne, ba abin da ba zan iya faɗa masa cikin wasa ba.

Da azahar ya zo da gasasshiyar tarwaɗa, kuma wallahi ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tura masa furar ina shirya tsiyar da zan yi masa. Ya kurɓa ludayi ɗaya ya yamutsa fuska.

"Wa ya dama wannan? Ai ƙwaryar ba ta wanku ba."

Gwaggo na zaune bakin murhu, ta ba shi baya. Ba ta juyo ba, ni ta kira.

"Gaya ma mai kifin, ƙwaryar na wanke ta. Gulbin ne ban da ƙarfin wankewa."

Ban isar da saƙon ba, ai ya ji. Tsiyar da na shirya ma ta gudu. Shi kuwa ya ajiye ludayin, ya tashi ya fita ba sallama.

Da la'asar, muna kan moto, muka hange shi yana jan tiyon daga gaɓa zuwa wani lambun zogale, inda ruwan zai zama taki. Ko zai ɗore a haka, ban sani ba. Yashin ma ba rana ɗaya zai washe ba, kuma komawar masu sayen fura sai yadda Allah ya yi.

Mun shigo Maraɗi ana kiran magariba. Abin da na dawo da shi kaɗan ne: ruwan da ka zubar bai ɓace ba don ka daina ganinsa, a ramin wani zai fito, wataƙila na wadda ta haife ka. Abokina ya tambaye ni wane aiki na yi a tafiyar, tunda ko kalma ban ce ba. Na ce masa Gwaggo ba bakina take buƙata ba. Wanda za ta kira sunansa take nema, don ɗanta ya ji.