Mai Kunnen Ƙashi

Shekarun baya, saura jarrabawa ɗaya a kori ƴata ta biyu daga lakwal, wato makarantar boko. Ta riga ta maimaita aji, direkta kuma ya faɗa min ba ɓoye-ɓoye: in ta sake faɗuwa, ba ta da kujera. Ni ma a raina na gama shawara. Na ce a bar ta a gida ta koyi ɗinki, tunda boko ya ƙi ta.

Sana'ata saye da sayar da motoci ce, kat-kat na hannu, irin waɗanda masu haƙar zinariya ke shiga daji da su. Yawancinsu ba na ganinsu da ido kafin ciniki, bidiyo ake turo min. A nan na koyi abu ɗaya: mai sayarwa inda yake so ka kalla, nan yake haskawa. Ni kuwa gefe nake dubawa, ƙasan mota inda mai ya ɗiga, ko ƙofar da ya ƙi buɗewa. Da wannan idon na gina gidana a Dagmanet, kuma ina taƙama da shi.

A gidan nan, sunan yarinyar ya kusa ɓacewa. Kowa "mai kunnen ƙashi" yake ce mata. Uwarta ta kira ta daga madafi har muryarta ta dushe, tana zaune tana wasa. A aike ta sayen kanwa, ta dawo da garin kuka. A lakwal an ce tana leƙen rubutun ta kusa da ita. Ta sha faɗa, ta sha bulala, wani lokacin daga hannuna.

Shekarar aka kawo musu sabuwar malama, yara na ce mata Madam. Ta buɗe gurup na iyaye a waya, tana turo hotuna da bidiyon aji: yau waƙa, gobe lissafi a allo. Abin bai yi min ba, na tare ta a bakin lakwal.

"Madam, karatu muka kawo su ko fim?"

Ta yi dariya. "Alhaji, rabin iyayen ajin nan suna daji, wasu suna aiki Tchirozérine. Su ma ai suna son ganin yaransu."

Kunya ta hana ni fita daga gurup. Amma duk bidiyon da ya shigo gogewa nake, don yana cinye min wurin hotunan motoci.

Wata rana ina zaune a gareji ina jiran wani mai saye da ya shanya ni. Rashin abin yi ya sa na buɗe ɗaya. Dikte suke yi, malama na faɗa yara na rubutawa. Ta ba wata malama wayar, ita kuwa tana haska wani yaro mai kyan rubutu. Sabo ya sa na bar yaron na kalli gefe. Ga ƴata can jikin bango.

In Madam na gaban aji, idon yarinyar na kan bakinta, biro na gudu. Da Madam ta bi layi ta koma bayansu tana ci gaba da faɗa, sai biro ya tsaya cak. Sauran yara na rubutu, ita tana waige. Can sai ta leƙa takardar ta kusa da ita. Madam ta dawo gaba, biro ya tashi.

Na mayar baya na sake kallo, na sake. Mai sayen ya iso yana ta sallama, na ce masa ya dawo gobe.

Na koma na tarar da yarinyar a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ba ƙofa baya. Na tsaya bayanta ta hagu, na ce, "Na sayo miki takalmin nan da kike so." Ko motsi. Na ɗaga murya. Shiru. Na zagayo gabanta, ta zabura ta durƙusa.

"Baba, sannu da zuwa. Ban yi komai ba."

Wannan maganar har yau tana cina. Ban tambaye ta komai ba, amma ta saba duk wanda ya tsaya a kanta da laifi ya zo.

Uwarta ta fito. Na ce, "Yarinyar nan ba ta ji."

"Yau ka sani? Ai kullum faɗa nake."

"Ba wannan rashin jin ba. Kunnenta ne."

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Can ta ce, "Kunnen da ya yi ta ruwa tana goye." Mun tuna dukanmu. Mun ɗiga mata magani, ruwa ya tsaya, muka ce ta warke.

Na kai ta Yamai. Likita ya ce na hagu ya tafi, na dama da saura, za a sa mata na'ura. Ya tambaye ni tun yaushe muka lura. Na ce satin da ya wuce. Ya ci gaba da rubutu.

Da na gaya wa Madam, ta rufe baki da hannu. "Alhaji, kullum tana gabana, ban gani ba."

"Madam, ke wata nawa? Ni a gidana aka haife ta."

Ta mayar da ita layin gaba, ta daina dikte daga baya. Yarinya ta ci jarrabawa, ba da yawa ba, amma ta ci. Na hana sunan nan a gidana, na kuma daina goge bidiyo, ko da yake waɗanda na goge a baya ba su dawowa, kuma na san abin nan yana cikinsu tun farkon shekara.

Yanzu ta girma, tana gab da gama lise, wato babbar sakandare. Ni ɗan kasuwa ne, ba na rufe ciniki ban duba riba da asara ba. Riba: kunne ɗaya, da kujerarta a aji. Asara: ɗaya kunnen, da shekarun da muka yi muna dukan yarinya kan kiran da bai taɓa isa gare ta ba. Ba ta taɓa tayar min da zancen ba. Sai dai har gobe, in na shigo gida ba ta gan ni ba, na dafa kafaɗarta, sai ta zabura kafin ta yi murmushi.