Abin da Ya Jiƙa Mini Gyaɗa

Gidan da maigidana ya saya a Kazaure yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya gina gidan ɗan kasuwar albasa ne, ya haƙa shi don sanyi. Ni kuwa sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shi ya sa ranar da muka tare na ce ɗakin nan nawa ne. Da kaka aka kawo mini buhunan gyaɗa daga Babura, aka jibge su a ciki, ina ɗiba daga na bakin ƙofa.

Da damina ta yi tsakiya sai wani wari ya fara tasowa. Na ɗauka ɓera ne ya mutu. Rannan da hantsi na ɗauki tocila na sauka har ƙurya, inda na daɗe ban leƙa ba. Ƙafata ta nutse a cikin wani baƙin ruwa mai yauƙi. Bangon ya yi funfuna, kore da baƙi, kyankyasai sun lulluɓe shi. Na kama kunnen wani buhu na ja, gindinsa ya yage, ruɓaɓɓiyar gyaɗa ta zubo mini a ƙafa, tsutsotsi farare suna motsi a ciki. Da ƙyar na kai tsakar gida kafin amai ya zo. Na wanke ƙafar nan da sabulu da toka har fata ta yi ja.

Maigida ya kira wani dattijon magini mutumin Roni. Ya sauka ba tare da ya toshe hanci ba, ya dangwali ruwan da ke tsattsafowa a bango, ya sansana.

Ya ce, "'Yata, wannan ba ruwan sama ba ne shi kaɗai. Akwai shadda kusa da bangon nan."

Nan take zuciyata ta tafi kan maƙwabciyata, wata nas 'yar Filato da makewayinta ke jikin katangarmu. Na yafa mayafi na shiga gidanta, na gaya mata maganganun da har yau nake jin kunyar tuna su. Ba ta rama ba. Cewa kawai ta yi, "Maman yara, a bari a duba tukuna."

Dattijon ya sa aka sayo bula irin ta wanki, ya dama a bokiti, ya zuba a shaddarta don a ga ko shuɗin zai ɓullo a bangon ɗakin. Kwana biyu ba a ga komai ba. Sai ya ce saura tamu. Na ce, "Baba, ai tamu tana can nesa." Ya ce bakinta ne ke nesa, ramin kuwa Allah kaɗai ya san inda ya zaizaye ya nufa. Ya zuba bular a tamu. Washegari muka sauka muka tarar da shuɗin ruwa yana bin bango.

Ashe ƙazantar gidana ce ta jiƙa mini gyaɗa. Abin da ya fi damuna shi ne, na yi makonni ina soya gyaɗar da ke bakin ƙofa, ina sayarwa, ina zuba man a miyar 'ya'yana. Na kwashe ƙuli-ƙulin da ya rage na haɗa da buhunan, aka kai bayan gari aka binne. Na fi wata ba na iya cin abu mai maiƙo.

Sai da ruwa ya ɗauke aka fara aiki. Aka yashe shaddar aka cike ta da ƙasa, ranar kuwa duk layin sai da suka rufe tagogi. Aka haƙa sabuwa a ɗaya ƙarshen gidan. Dattijon ya tone bayan bangon har tushe, ya kankare, ya yi yaɓen siminti da ya gauraya da wani gari mai hana ruwa shiga. Ya narka kwalta a rabin duro ya shafa sau biyu, ya manna leda mai kauri, ya cike ramin da tsakuwa, ya fitar da bututu zuwa kwata. A ciki aka fasa daɓen aka sake wani, aka huda tagogi biyu ƙanana daga sama don iska.

Na je na ba maƙwabciyata haƙuri. Ta ce ya wuce, ta kuma sa na kai yaran asibiti aka duba su.

Damina biyu ke nan ɗakin a bushe ƙayau. Maigida ya sa an jera katako don ɗora buhuna, ya yi ta lallashina, na ce abin da za a ci ba zai ƙara sauka ramin nan ba. Yanzu taki da garmuna yake ajiyewa a ciki. In ya aike ni ɗauko wani abu, da takalmi nake sauka, in na fito kuma sai na tofar da yawu.